Dusashewar Bidiyon Kyamarar Mota Bayan Ɗora Shi a Intanet: Nazari Daga Titunan Cikin Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa bidiyon kyamarar gaban mota ke dusashewa bayan an ɗora shi a YouTube ko Facebook, ta kuma nuna cewa cunkoson titunan cikin badala yana tsananta matsalar.

Tushen matsalar

Kyamarar tana matse bidiyo tun lokacin ɗauka, galibi da tsarin H.264 na 2003 ko H.265 na 2013. Dabarar ita ce a adana cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma a rubuta abin da ya sauya kawai. Wannan yana yi wa mai zaune a ɗaki daidai, tunda bangon bayansa ba ya motsi. A mota kuwa komai tafiya yake. Direban da ya shigo ta Ƙofar Mata ya nufi Kasuwar Kurmi yana ratsa 'yan Adaidaita Sahu, masu baro da 'yan talla, ga girgizar hanya, ga ƙurar hunturu. Kusan babu ɗigon da ya tsaya wuri ɗaya. Shafin da aka ɗora wa bidiyon kuma sai ya sake matse shi, ya zubar da ƙananan bayanai. Cikin abin da ke fara tafiya akwai lambar mota, wadda saboda ita aka sayi kyamarar.

A nan akwai abin lura. Lambar motocin haya a Nijeriya da jan rubutu take, ta masu zaman kansu da shuɗi. Tsarin 4:2:0 da ake amfani da shi wajen matse bidiyo yana adana bayanin launi a kashi ɗaya cikin huɗu na bayanin haske, shi ya sa gefen jan harafi ke saurin jirwaye, balle da magariba.

Matakan rage asara

YouTube ya ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080p, da 16 ga 1440p. A ganina wannan ya yi kaɗan ga titi irin na Kurmi, gara a ninka. A ciro fayil daga katin memori kai tsaye, a yanke shi ba tare da sake matsewa ba. Babban kuskure shi ne a fara tura shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo. In dole ne, a tura shi a matsayin takarda, ko ta Xender, wadda ba ta taɓa fayil.

Batun shaida

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da hujjar da ta fito daga na'ura, bisa sharaɗin a bayyana yadda aka samar da ita. Kwafin intanet ya rasa bayanan asali na fayil, ga ratar da lauya zai iya shiga ta cikinta. Kyamarar kuma tana goge tsohon ɗauka idan kati ya cika, don haka wanda aka goga wa mota a Ƙofar Nasarawa ya kulle fayil ɗin nan take, ko ya zare katin kafin ya ci gaba da tafiya.