Gubar Dalma a Zamfara: Yadda Sarrafa Dutsen Zinare Ke Gurɓata Muhalli

Annobar gubar dalma da ta ɓulla a Jihar Zamfara a shekarar 2010 tana cikin mafi muni da aka taɓa gani a duniya a irinta, kuma har yau ita ce misalin da masana ke kawowa idan ana zancen haɗarin haƙar ma'adinai ta hanyar gargajiya. Abin da ya bambanta ta da sauran haɗurran wannan sana'a shi ne, mafi yawan waɗanda suka rasu ba su taɓa shiga rami ba. Yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma gubar ta same su ne a tsakar gidajen iyayensu, inda ake daka dutsen ana niƙa shi.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wadda aka fi sani da MSF, suka lura da yawan mace-macen yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yayin da suke sa ido kan cutar sanƙarau. Yaran na fama da amai da ciwon ciki da jijjiga, alamomin da suka yi kama da na sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi musu aiki ba. Sai da aka gwada jininsu a ɗakin bincike aka gano dalma ce. Mazauna ƙauyukan sun riga sun ga agwaginsu na mutuwa tun kafin haka, sai dai babu wanda ya alaƙanta wannan da ciwon yaran. Binciken da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyukan Dareta da Ƴargalma ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa aƙalla yara 400 ne suka rasu a yankin, dubbai kuma suka kamu.

Tushen matsalar yana cikin dutsen kansa. Zinaren yankin ba ya zuwa shi kaɗai. Yana haɗe ne da ma'adinin dalma, wato dutsen nan mai sheƙi da Hausawa suka sani da tozali. Muddin tozali na kwance a ƙarƙashin ƙasa a yadda aka halicce shi, jiki ba ya saurin narkar da shi. Amma masana ilimin duwatsu na Amurka da suka yi nazarin samfurin Zamfara sun gano cewa iska da ruwa sun daɗe suna cin wannan dutse, har wani ɓangarensa ya rikiɗe zuwa nau'in dalma mai narkewa cikin sauƙi a ruwan cikin ɗan adam. Niƙa shi ya zama gari kuwa ya ƙara sauƙaƙa wa gubar hanya.

Mutanen yankin sun daɗe suna neman zinare jefi-jefi. Abin da ya sauya lamarin shi ne farashi. Oza ɗaya ta zinare da ba ta kai dala 300 ba a 2001 ta haura dala 1,200 a 2010, don haka manoma da dama suka karkata ga haƙa, musamman da rani. Da yake ba su da kayan aiki na musamman, sai suka yi amfani da abin da ke hannu. Ana ɗauko dutse a buhuna zuwa gari, a farfasa shi da guduma, a daka a turmi, sannan a kai injin niƙa irin na hatsi. Daga nan a wanke garin a kan katako mai gangara da aka shimfiɗa wa darduma domin ta riƙe ƙwayoyin zinare, a zuba zaiba ta tattara su, a ƙona zaibar ta tashi ta bar zinaren.

Kowane mataki a nan yana da nasa lahani, amma niƙa a bushe ya fi kowanne. Ƙurar da injin ke fitarwa tana sauka a kan tsakar gida da shanyar hatsi da tukwane da bakin rijiya. Da yake mata da yawa na yin wannan aiki a cikin gida, wani lokaci da turmin da ake daka abinci, gubar ta bi ta shiga tuwo. An kuma yi tubalin gini da ƙasar da ta gurɓata, ruwan wanki kuma ya gangara kududdufan da dabbobi ke sha. A wasu gidaje an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wuraren wasan yara kashi 400 ne kacal. Yaro mai rarrafe yana kai hannu baki a kullum, kuma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, jikinsa na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa. Illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa, shi ya sa wasu daga cikin yaran da suka tsira suka tashi da makanta ko shanyewar gaɓoɓi ko raunin fahimta.

Akwai maganin da ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma akan ba yaron da gubar ta kai mikirogiram 45 a kowace desilita ta jininsa. Na'urar gwaji ta hannu da aka kai ƙauyukan ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce wannan iyaka nesa. Sai dai likitoci sun tarar da wani cikas: ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Dole sai an share muhallin tukuna.

Sharar kuwa aikin hannu ce mai wahala. Da jagorancin kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, ma'aikatan jiha da matasan gari suka riƙa kankare kimanin santimita biyar na saman ƙasa gida-gida da fartanya da shebur, a kwashe a binne a ramin da aka tanada, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Sarakunan gargajiya suka umarci a fitar da injinan niƙa zuwa bayan gari. An kammala ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma kuma ita ce cibiyar sarrafa dutsen, ta zauna jiran kuɗi har farkon 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin farar hula. A duk tsawon wannan jira ba a iya fara ba yaran garin magani ba.

Darasin bai isa ko'ina ba. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. A Zamfara ma an ga wasu gidajen da aka share sun sake gurɓata, domin masu haƙa na komawa gida da ƙura a tufafinsu, wasu kuma na ɓoye dutse a ɗaka saboda tsoron ɓarayi.

Hanyoyin rage haɗarin ba su da tsada sosai. Niƙa da ruwa, ko fesa ruwa a bakin inji, yana hana ƙura tashi, kuma gwajin da aka yi a Jihar Neja ya nuna cewa hakan na iya rage dalmar da ke cikin iska da kusan kashi 95 cikin ɗari. Yana kuma rage ƙurar dutse mai lalata huhun masu aikin. Wurin wanka da sauya tufafi a bakin aiki yana hana gubar bin mutum gida. Ita kuwa zaiba, akwai ƙaramar tukunya mai murfi da bututu da ke tare tururinta ta mayar da shi ruwa a sake amfani da shi. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, wadda ta wajabta wa ƙasashen da ke da irin wannan haƙa su rage amfani da ita. Matsalar ita ce duk waɗannan na bukatar ruwa da ɗan jari da kuma mai sa ido, abubuwan da ke da wuyar samu a dajin da ake aikin.

A nan ne doka ta shigo. Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ma'adinan ƙasa, Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 kuma ta tanadi lasisin ƙananan masu haƙa tare da ƙarfafa su su kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Amma mafi yawansu ba su da rajista, kuma wanda doka ke kallo a matsayin mai laifi ba ya fitowa karɓar horo. MSF ta sha nuna cewa haramci kaɗai yana mayar da niƙa cikin gidaje a ɓoye, inda ya fi haɗari ga yara. A watan Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma a farkon 2022 MSF ta miƙa shirin kula da masu gubar ga hukumomin jihar bayan ta gwada yara fiye da 8,000. A watan Disambar 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage dakatarwar.