Ɗaukar Hoto a Birnin Faris da Fadojin Kwarin Loire: Wuri, Lokaci da Doka

Da wuya mutum ya zagaya shagunan ɗaukar hoto na Agege, Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan bai ga labulen bango mai hoton hasumiyar Eiffel ba. Yanzu kuwa 'yan kasuwarmu da ɗalibai da masu zuwa taro suna taka ƙasar Faransa da ƙafarsu, tunda jirgi daga Legas kai tsaye awa shida ne da 'yan kai. Sai dai da yawa kan dawo da hotunan da ba su kai kuɗin tikiti ba: fuska ta yi baƙi, gini ya yi fari fat, ko kuma cunkoson jama'a ya rufe komai. Abu uku ne ke gyara hoton tafiya ko su ɓata shi: inda ka tsaya, lokacin da ka tsaya, da sanin abin da doka ta yarda ka yi da hoton bayan ka ɗauka.

Ranar can ba irin tamu ba ce

A Legas ko Fatakwal rana kan faɗi wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7:00 kusan duk shekara, kuma da ta faɗi duhu ya shigo. A Faransa ba haka ba ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Faris sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 na yamma ta tafi, ba ta fitowa kuma sai bayan 8:30 na safe. Agogonsu ya yi daidai da namu a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya.

Amfanin wannan ga mai hoto shi ne, hasken nan mai laushi, ja-ja, na bayan fitowar rana da na gab da faɗuwarta, ya fi daɗewa a can, domin rana a karkace take sauka. To, wannan hasken shi ake nema. Tsakar rana kuwa ta yawo ce da cin abinci.

Manyan wuraren Faris

Hasumiyar Eiffel. Kamfanin injiniya Gustave Eiffel ne ya gina ta tsakanin 1887 da 1889 saboda baje kolin duniya, tsawonta a yau mita 330. Kuskuren baƙo shi ne ya tsaya a gindinta, inda ƙafafunta kawai za su fito. Ka ƙetare kogin Seine zuwa dandalin Trocadéro, daga nan ne take fitowa ɗungurungum. Da sanyin safiya ake kama fara: in ka isa da fitowar rana za ka sami dandalin kusan fayau, bayan ƙarfe 9 kuwa sai ka yi ta ture-ture. Da dare fitilunta kan yi walƙiya na minti biyar a farkon kowace awa.

Arc de Triomphe. Wannan ƙofar nasara Napoleon ne ya ba da umarnin gina ta a 1806, aka gama a 1836, tsawonta mita 50. Tituna 12 ne suka haɗu a shataletalen da ke kewaye da ita. Kada ka kuskura ka ratsa motoci da ƙafa, akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Daga samanta ake samun hoton birnin da hasumiyar Eiffel a ciki, abin da ba za ka samu ba in kana kan hasumiyar kanta.

Gidan tarihi na Louvre. Dalar gilashin da ke farfajiyarsa an buɗe ta a 1989. Ta fi kyau jim kaɗan bayan faɗuwar rana, an kunna fitilu amma sama ba ta gama yin baƙi ba. Ranar Talata gidan a rufe yake, don haka farfajiyar kan yi sauƙin jama'a.

Babban Masallacin Faris. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hasumiyarsa mita 33 ce, tsakar gidansa da lambu da ado irin na Maroko. Ana ɗaukar gini da lambu, amma ba a saita kyamara kan mai ibada.

Mene ne Kwarin Loire?

Loire, wanda ake furtawa Luwar, shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, kimanin kilomita 1,000. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wani yankinsa mai tsawon kilomita 280, daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes, cikin wuraren tarihi na duniya. Fadoji da gidajen manyan attajirai da ke kwarin da rassansa sun haura 300.

Dalilin taruwarsu a wuri ɗaya shi ne yaƙi. A lokacin Yaƙin Shekara Ɗari da Ingila, daga 1337 zuwa 1453, Faris ta taɓa kuɓuce wa sarakunan Faransa, sai suka koma zama a bakin Loire. Da ƙura ta lafa, suka shiga kai yaƙi Italiya daga 1494, suka ga irin gine-ginen can, suka dawo da magina da masu zane. Daga nan sai gidan sarki ya tashi daga ganuwa mai ƙananan tagogi ya koma gidan hutu mai manyan tagogi da lambu da ruwa a gefe. Wannan ruwan shi ne ribar mai hoto, domin ginin kan fito sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa.

Daga tashar Montparnasse a Faris, jirgin ƙasa mai gudu na TGV kan kai yankin birnin Tours cikin kamar awa ɗaya. Daga tashar Austerlitz kuma ana zuwa garin Blois cikin kamar awa ɗaya da rabi.

Fadoji huɗu da inda ake tsayawa

Chambord, ana furta shi Shambor. Shi ne mafi girma. Sarki François na Ɗaya ya fara gina shi a 1519 a matsayin masaukin farauta, ɗakunansa sun haura 400, murhun ɗumama ɗaki 282, dajin da ke kewaye da shi kuma an zagaye shi da katanga mai tsawon kilomita 32. A tsakiyarsa akwai matakala biyu da suka naɗe juna, mai hawa da mai sauka ba sa haɗuwa. Yana da nisan kilomita 15 ko fiye kaɗan daga Blois. Ka ƙetare ruwan Cosson da yamma ka ɗauko fuskarsa ta arewa maso yamma tare da rufinsa mai kama da ƙaramin gari.

Chenonceau, wato Shanonso. An gina shi tsakanin 1514 da 1522, daga baya Diane de Poitiers ta sa aka yi gada a kan kogin Cher, sarauniya Catherine de Médicis kuma ta ɗora dogon zaure mai mita 60 a kan gadar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya zauren ya zama asibiti, a na Biyu kuma kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, har mutane suka riƙa tserewa ta cikinsa. Tunda ginin ya ratsa kogin daga arewa zuwa kudu, da safe ka tsaya gefen gabas wajen lambun Diane, da yamma ka koma gefen yamma wajen lambun Catherine. Tashar jirgin ƙasa tana nan bakin ƙofa.

Amboise, wato Ambuwaz. Yana kan tudu a gaɓar kudu ta Loire. Kabarin mai zane Leonardo da Vinci, wanda ya mutu a garin a 1519, yana cikin ƙaramin cocin fadar. A nan ne kuma Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir na Aljeriya da iyalansa daga 1848 zuwa 1852, bayan ya shafe shekaru 15 yana yaƙar mamayarsu. Waɗanda suka rasu cikin mutanensa an binne su a lambun fadar, kuma wurin yana nan ana ziyarta. Hoton fadar gaba ɗaya daga kan gada ko tsibirin tsakiyar kogi ake samunsa, gab da faɗuwar rana.

Villandry, wato Bilandiri. Shi kam lambunsa ne abin kallo, kayan miya da furanni an shuka su layi-layi kamar aikin hula. Daga ƙasa ba za ka ga tsarin ba, sai ka hau saman hasumiyar fadar ko tudun da ke gefe ka ɗauko daga sama.

Farin dutse da baƙar fata

Yawancin fadojin nan da wani farin dutse mai taushi aka gina su, wanda ake haƙa a kwarin, rufinsu kuma baƙi ne. Waya kan rikice tsakanin biyun. In ta bi hasken bango, fuskarka ta yi duhu, in ta bi fuskarka, adon ginin ya ɓace. Farar shadda ma ƙara dagula lamarin take yi. Maganin shi ne rana ta kasance bayan mai ɗauka ko a gefensa, ka taɓa allon wayar a kan fuska, sannan ka ɗan ja hasken ƙasa har sassaƙar bangon ta fito. Tufafi masu launi, kamar shuɗi ko ruwan goro, sun fi fitowa a gaban farin gini. In kana son inuwar gini a ruwa, sai da sassafe kafin iska ta taso, ka kuma durƙusa kusa da bakin ruwan.

Abin da doka ta ce

Nan fa ake yin asara. Hasumiyar Eiffel da rana kowa na iya ɗauka ya yi abin da ya ga dama. Amma tsarin fitilunta na dare, wanda aka yi a 1985, yana da haƙƙin mallaka. Ka sa a Facebook ko WhatsApp don 'yan uwa, babu laifi. In kuwa za ka buga shi a kalanda ta sayarwa ko tallan shagonka, sai da izinin kamfanin da ke kula da hasumiyar. Haka dalar Louvre take. Dokar Faransa ta 2016 ta yarda mutum ya ɗauki irin waɗannan gine-gine ne don amfanin kansa, ban da kasuwanci.

Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi haramun ne a sararin Faris in babu izini. Wanda ya tashe shi da gangan a wurin da aka hana na iya fuskantar ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 45,000, a kuma ƙwace na'urar. Fadojin Loire su ma ba sa yarda sai da izini. A cikin ɗakuna galibi an hana hasken filasha da maƙalin kyamara mai ƙafa uku.

Sannan Faransawa suna da tsauri kan hoton mutum. Fitowar jama'a a bayan hotonka ba matsala ba ce, amma ka ware mutum ɗaya, musamman yaro, ka wallafa ba da yardarsa ba, yana iya kai ka kotu. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ka tashi

Soket ɗin Faransa mai ramuka zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, don haka ka sayi adafta tun a Alaba ko Computer Village. Ka riƙe fawa-banki, domin sanyi na shanye batir da wuri. A Trocadéro da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa 'yan sane sun ƙware, kada ka miƙa wa wanda ba ka sani ba wayarka don ya ɗauke ka, kada kuma ka sa ta a aljihun baya. Kowane dare ka tura hotunan ranar zuwa ma'ajiyar intanet ko wayar wani naka, ko da waya ta ɓace hotuna su tsira. In kwana ɗaya gare ka a Loire, fada biyu sun isa: Chenonceau da safe, Amboise da yamma, duka ana zuwansu a jirgin ƙasa daga Tours.