Dalilin da ya sa launin hoto ke sauyawa idan an buga shi a takarda, da yadda ake gyarawa

Yawancin masu buga hotuna da firinta a gida ko a shago sun saba da wannan matsala: hoton da ya fito tas a allon kwamfuta ko waya, da zarar ya hau takarda sai ya yi duhu, ko fuska ta yi ja, ko shuɗin shadda ya dushe. Akan ɗora laifin a kan firinta, alhali sau da yawa matsalar daga allo take farawa.

Allo da takarda ba hanya ɗaya suke bi wajen nuna launi ba. Allo haske yake fitarwa da kansa, yana haɗa ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Hasken ɗaki ne ke sauka a kanta, tawada ta shanye wani ɓangare, sauran ya dawo ido. Firinta na aiki da tawada huɗu aƙalla, tsarin CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ratsin shunayya, rawaya da baƙi. Saboda haka akwai launuka masu ƙyalli, musamman wasu nau'o'in shuɗi da kore, da allo ke nunawa amma tawada ba za ta iya kaiwa gare su ba, komai tsadar injin. Abin da ake nema shi ne kusanci, ba daidaito ɗari bisa ɗari ba.

Babban abin da ke jawo duhun hoto shi ne yawan hasken allo. Ana sayar da allon kwamfuta da haske mai ƙarfi domin ya burge mai saye, galibi sama da kandela 200 a kowace murabba'in mita, yayin da masu aikin buga hoto ke saita nasu tsakanin 80 zuwa 120. Wanda ya gyara hoto a allo mai tsananin haske zai ga kamar komai ya yi daidai, ba zai ƙara wa hoton haske ba, sai takarda ta tona asiri. Wannan ya fi shafar hotunan masu duhun fata, domin a wuraren inuwa ne kamannin fuska ke fara ɓacewa. Hanya mai sauƙi ita ce a ajiye farar takarda kusa da allo, a rage haske har farin allon ya yi kusa da nata. A kuma kashe duk wani saiti da ke sauya launi da kansa, irin su Night Shift da True Tone a na'urorin Apple, ko Night Light a Windows. Mai sana'ar hoto da gaske ya fi dacewa ya mallaki na'urar auna launin allo, kamar Spyder ta kamfanin Datacolor, wadda ake ɗorawa a fuskar allo ta auna ta gyara.

Sai batun ma'aunin launi. A shekarar 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fitar da ma'aunin sRGB, wanda ya zama ruwan dare a intanet da kyamarori. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, amma idan manhaja ta karanta hotonsa kamar na sRGB ne, launuka kan fito a dushe. Ga mai buga hoto a gida, tsayawa a kan sRGB ya fi kwanciyar hankali.

Kowace haɗuwa ta firinta da tawada da takarda tana da halinta, kuma ana rubuta wannan hali a wani ƙaramin fayil mai suna bayanin launi na ICC, sunan ƙungiyar da kamfanoni suka kafa a 1993 don daidaita wannan fanni. Kamfanoni irin su Epson da Canon kan haɗa waɗannan fayiloli da manhajar firintarsu, amma don tawadarsu da takardarsu aka auna su. Wanda ya sayi tawadar ɗuri mai araha a kasuwa ya sani cewa ma'aunin ya riga ya goce. Haka nan zaɓen nau'in takarda a saitin firinta ba ado ba ne: shi ke ƙayyade yawan tawadar da za a zuba, kuma mai sheƙi da marar sheƙi ba sha ɗaya suke yi ba.

Kuskuren da ya fi yawa ga masu amfani da Photoshop shi ne barin manhajar da firinta su gyara launi a lokaci guda. Gyara biyu kan ɓata hoton, sau da yawa ya karkata zuwa ja. Ɗaya kaɗai za a bar wa aikin, a kashe ɗayan.

Idan launi ya sauya kwatsam, a fara da buga shafin gwajin bakin tawada, domin zafi da ƙurar hunturu da daɗewa ba a yi aiki ba kan toshe ƙananan ramukan, kuma toshewar launi guda ta isa ta gurɓata hoton duka. Hoton da aka turo ta WhatsApp ma an matse shi, gara a turo shi a matsayin fayil.

Kada a yanke wa hoto hukunci yana fitowa daga inji. Tawada na buƙatar wasu sa'o'i kafin launi ya zauna, wasu ma kan jira kwana guda. A duba shi kusa da taga da rana, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rawaya ba, kuma a fara gwaji da ƙaramar takarda kafin a ɓarnatar da babba.