Layin Waya a Ƙasar Bakolori: Wa Ke da Ƙarfe, Wa Ke da Sim?

A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan turakunsu da ke jihar Zamfara. Gwamna Bello Matawalle, ɗan Maradun, shi ya nemi a yi haka. Manyan hare-haren makarantu na wannan shekarar a jihar kuwa sun auku ne a ƙananan hukumomi ukun da ke shan ruwan madatsar Bakolori: a Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe ta Talata Mafara, a Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai fiye da saba'in a Kaya ta Maradun. An ce mako biyu za a yi. Gusau ba ta ga sabis ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba.

A waɗannan makonni ne kowa ya ga yawan kayan da aka rataya wa ƙarfen sabis. Mai POS ya rufe rumfarsa. Dillalin shinkafa ya rasa yadda zai ji farashin Kano. Wanda ɗansa ke turo masa kuɗi daga Legas sai ya hau mota zuwa wata jihar kafin ya cire. Shekara ashirin kafin nan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma hanyar da aka bi aka zo nan ta cancanci a bibiye ta, domin yanzu ana shirin ƙara wa ƙarfen nan wani kayan.

Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, waya abin ofis ce da gidan manya. NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi kaɗai ke da fili, kuma har ƙarshen shekarun 1990 layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba. Manomin Bakura da ke son aika saƙo sai dai ya ba direba takarda a tasha, ko ya naɗi muryarsa a kaset a kai wa ɗan'uwa a Kurmi, ko ya jira filin gaishe-gaishe na Rima Radio. An kafa NCC tun 1992, amma sai a Janairun 2001, ƙarƙashin jagorancin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar. Sim ɗaya kan kai naira dubu ashirin, kiran minti ɗaya naira hamsin, ko da gaisuwa kawai mutum ya yi ya kashe. Globacom ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ya karya wannan tsada, Etisalat ya biyo baya a 2008. Econet kuwa ya yi ta sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, har ya tsaya a Airtel a 2010.

A wancan zamani kowane kamfani komai nasa ne. Shi ke sayen fili, ya kafa ƙarfe, ya ajiye janareta, ya ɗauki maigadi, ya shimfiɗa waya a ƙasa, ya sayar da sim da kati. Shi ya sa a gari ɗaya za ka ga ƙarafa uku kusa da juna, ƙauyen da ke bayan dam kuwa ko ɗaya babu, sai yara su hau tudu ko bishiya neman sabis. Kamfani ba ya kafa ƙarfe sai inda kuɗin kati zai biya kuɗin man dizal.

Rarrabuwa ta fara ne daga ƙarafan. A 2014 MTN ya miƙa turaku fiye da dubu tara ga kamfanin IHS, Etisalat ma ya sayar masa da sama da dubu biyu, Airtel kuma ya sayar da kimanin 4,800 ga wani kamfanin Amurka, American Tower. Tun daga nan ƙarfen da kake gani a bakin hanyar Gusau zuwa Sakkwato yawanci ba na kamfanin da sunansa ke fuskar wayarka ba ne, haya yake yi, kuma ƙarfe ɗaya na iya ɗaukar eriyar kamfani biyu ko uku. A daidai wannan lokaci wani canjin na faruwa a cikin ɗakunan injuna, inda ido ba ya kaiwa. Cibiyar da ke tantance sim, ta lissafa kuɗi, ta haɗa mai kira da wanda ake kira, da can manyan akwatunan ƙarfe ne da aka ƙera don aiki ɗaya tak. Sannu a hankali ta koma manhaja da ke gudana a kan kwamfutoci na gama-gari. Abin da ya zama manhaja kuwa ana iya yanka shi, a sauya masa fasali, a ba wani haya. Banki zai iya karɓar lambar da ake dannawa da tauraro a yi taransifa ba tare da data ba. Kamfanin na'urori zai iya sayen sim dubu goma waɗanda ba sa kira ba sa amsawa, aikinsu kawai aika ɗan taƙaitaccen bayani, ya kuma riƙa kunna su da kashe su daga ofishinsa.

Wani gwaji da ya taɓa manomi kai tsaye shi ne shirin tallafin taki na GES a 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma. Kamfanin Cellulant ya gina tsarin: a yi wa manomi rajista, saƙo ya shigo wayarsa, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi tare da iri. Manufar ita ce a datse 'yan tsakiya da ke karkatar da takin gwamnati, kuma a ganina manufa ce mai kyau ƙwarai. Sai dai an gina shi bisa zaton cewa kowane manomi na da waya mai caji, yana karanta boko, kuma akwai sabis a wurin rabo. A ƙauyuka da yawa ɗaya daga cikin ukun nan kan ɓace, sai a koma duba suna a takarda. Har sai da ƙungiyar IFDC ta gwada wani kati da ke aiki ko babu sabis a Sakkwato da Abuja. Wannan gyaran ya zo ne bayan an riga an sha wuya.

Na'urori masu sim a ciki sun biyo baya. Hello Tractor, da aka kafa a 2014, ya riƙa liƙa wa tarakta ƙaramar na'ura da ke nuna wa mai ita inda take da yawan aikin da ta yi. Lumos ya haɗa gwiwa da MTN wajen sayar da akwatin sola da ake biya kaɗan-kaɗan da kuɗin kati, in biya ya tsaya wuta ta tsaya. Amma wadda ta ci kasuwa a Mafara da ko'ina ita ce na'urar POS. Sim ne a cikinta, kuma ita ta zama bankin garuruwan da reshen banki bai taɓa zuwa ba. A 2022 MTN da Airtel da kansu suka buɗe bankunan biyan kuɗi, MoMo da SmartCash, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har masu sayar da tumatir da albasa karɓar taransifa.

Mataki na baya-bayan nan shi ne kamfanin layi wanda ba shi da ƙarfe ko ɗaya. A Ingila an san irinsa tun 1999, lokacin da Virgin Mobile ya hau kan turakun wani kamfani ya sayar da sim da sunansa. NCC ta fitar da ƙa'idar irin wannan lasisi a 2022, mai hawa biyar, daga wanda iyakarsa sayar da layi da sunansa har zuwa wanda ke da cikakkiyar cibiya tasa, sai iska kawai yake haya. A 2023 ta ba kamfanoni 25, daga baya suka haura arba'in. Ɗaya daga cikin dalilan da hukumar ta bayar shi ne a kai sabis wuraren da aka bari a baya. A 2025 Vitel Wireless ya fito da lambobin da ke farawa da 0712, a shekarar ce kuma aka amince wa 9mobile, tsohon Etisalat wanda ya koma T2, ya riƙa amfani da turakun MTN.

Mutanen Bakolori sun san wannan fasali tun kafin waya. Akwai dam, akwai babban kanal, akwai ƙananan magudanai da ke kai ruwa gona, kuma sun san abin da ke biyo baya idan an zana komai daga nesa. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar a 1978 don shayar da hekta 23,000, kusan kashi biyu bisa uku da injunan feshi masu cin wutar lantarki. Ba a nemi shawarar masu gonakin ba, rikicin diyya ya kai ga zubar da jini a Afrilun 1980, injunan feshin kuma suka mutu aka bar su. Da Bankin Duniya ya kawo shirin gyara na TRIMING a 2014, abin da ya dogara a kai shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, wato manoman da kansu su riƙe ƙananan magudanai, su tara kuɗin ruwa, su yi yashe.

Waɗannan ƙungiyoyi, a nawa ganin, su ne ya kamata masu sabbin lasisin su fara zama da su. Buƙatunsu sanannu ne. Suna son saƙon murya da Hausa da zai gaya wa manomi ranar da za a sako ruwa a sashensa, domin saƙon rubutu ya riga ya nuna iyakarsa a zamanin GES. Suna son hanyar biyan kuɗin ruwa da za ta bar shaida a hannun mai biya, da na'urar auna ruwa a bakin kanal wadda manoman kan kanal da na wutsiya za su yarda da ita idan gardama ta tashi. Fiye da komai suna son sim da zai kama duk sabis ɗin da ya samu, tunda a gona ɗaya wani kamfanin kan kama a gabas ya ɗauke a yamma. Duk waɗannan fasaha ta riga ta iya su, kuma lasisin 2022 ya halatta a tsara su don jama'a ƙalilan ba sai miliyoyi ba.

Abin da lasisin bai canza ba shi ne ƙarfen. Kamfani arba'in na iya sayar da sim, amma dukkansu turke ɗaya za su hau a Maradun, wanda ke jiran tankar dizal ta bi hanyar da direbobi ke tsoro, wanda kuma takarda ɗaya daga Abuja ta isa ta kashe shi. Kuɗin kira da na data sun tashi da kashi hamsin cikin ɗari a farkon 2025, kamfanonin suka ce tsadar mai da faɗuwar naira ce ta jawo. Akwai asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta tanada musamman don kai sabis inda riba ba ta kaiwa, kuma wakilan Zamfara a majalisar tarayya na da hurumin tambayar nawa ne daga cikinsa ya iso ƙauyukan da ke kewaye da dam.