Hasumiyar da Gobara Ta Gaji da Ita

A birnin Wuhan na ƙasar Sin, a kan tudun da ake kira Dutsen Maciji, akwai wata hasumiya mai hawa biyar tana fuskantar kogin Yangtze. Sunanta Huanghelou, Hasumiyar Gauraka Mai Ruwan Ɗorawa. Abin da ya ja hankalina gare ta shi ne taurin kanta: sau da dama ana wayar gari babu ita, kuma ba a taɓa barin ta ta tafi ke nan ba.

Asalinta aikin soja ne. A shekarar 223, lokacin da Sin ta dare gida uku, Sun Quan, sarkin Wu, ya kafa sansani a kan tudun, aka ɗora masa benen gadi. A daidai nan kogin Han yake shiga Yangtze, don haka duk wanda ya riƙe wurin ya riƙe hanyar jiragen ruwa. Da ƙasar ta haɗe a 280, sai masu gadi suka watse, fatake da ma'aikatan sarki suka gaje wurin. Nan ake yin walima, nan ake sallamar matafiyi kafin ya shiga jirgi.

Talakawa kuwa nasu labarin daban ne. Sun ce wani mai gidan giya ne, ana ce masa Xin, da wani tsoho mai tsummokara yake zuwa wurinsa kullum yana sha ba ko sisi, shi kuma bai taɓa ɗaure masa fuska ba. Ranar da tsohon zai tafi, sai ya ɗauki ɓawon lemo ya zana gauraka a bango. Ya ce duk sa'ad da baƙi suka tafa, za ta sauko ta taka rawa. Haka kuwa aka yi. Gida ya cika maƙil, Xin ya kuɗance. Bayan shekara goma tsohon ya dawo, ya busa sarewa, tsuntsuwar ta fito daga bango, ya haye bayanta suka yi sama. Da dukiyar nan, in ji su, Xin ya gina hasumiyar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A ƙarni na 8, zamanin daular Tang, mawaƙi Cui Hao ya hau benen ya tsara baitoci takwas kan tafiyar tsuntsuwar da kewar gida. Ana ba da labarin cewa Li Bai, gwarzon mawaƙan zamanin, ya zo da niyyar rubuta tasa, da ya ga ta Cui Hao a bango sai ya ajiye alƙalami. Duk da haka yana da tasa waƙar ta bankwana da abokinsa Meng Haoran a wannan wuri. Har gobe yaran makaranta a Sin suna haddace su.

Benen na da ginin katako ne, katako kuwa abincin wuta ne. Yaƙi da gobara sun yi ta cin sa a zamanin daulolin Ming da Qing, ana sake ɗagawa. Na ƙarshe a jerin, mai hawa uku, an gina shi a 1868, ya ƙone ƙurmus a 1884. Abin da ya tsira kawai shi ne tulluwarsa ta tagulla, wadda ke ajiye a harabar wurin yau. Shekara ɗari Wuhan ta yi babu hasumiya. A 1957 ma aka buɗe babbar gadar Yangtze, hanyar hawanta ta cinye tsohon filin.

Sai a 1981 aka soma sabon aiki, tazarar kusan kilomita ɗaya daga tsohon filin, aka gama a 1985. Tsayinsa mita 51.4, ginshiƙai 72 ke ɗauke da shi. Rufin ya sha fale-falen yumɓu masu ƙyalli, ruwan ɗorawa, fiye da 100,000, kusurwoyinsa 60 kowace ta ɗaga kai sama kamar zankon soro. Daga nesa ka rantse katako ne, amma kankare ne da rodi, har da lifta a ciki.

A nan ne wasu ke taɓe baki, su ce jabu ce. Ni ban bi su ba. Zane-zanen da suka rage sun nuna cewa ta zamanin daular Song ba ta yi kama da ta Ming ba, ta Ming kuma daban take da ta Qing. Kowane zamani da kayan da ke hannunsa ya yi gini, da fasalin da ya yi wa idonsa kyau. Maginan 1868 da sun samu abin da wuta ba ta ci, da ba su tsaya sassaƙa itace ba. Abin da aka gada shi ne suna da labari da waƙa, kuma muddin yara na haddace baitocin Cui Hao, za a samu mai tambayar ina benen yake, a kuma samu hukumar da kunya za ta sa ta gina shi.