Jakara da Kududdufan Birnin Kano

Tsohon birnin Kano gari ne na ruwa, ko da yake ba a cika kallonsa haka ba. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, da wuya a sami unguwa a cikin badala da ba ta da kududdufinta, kogin Jakara kuwa ya ratsa garin ya raba shi biyu. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido na kwana biyu yakan nufi dutsen Dala, da gidan Sarki, da Gidan Makama, da kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Kusan kowanne daga cikin waɗannan wurare yana da alaƙa da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari, ko dai an kafa shi a bakinsa, ko an gina shi da ƙasar da aka haƙa har ramin ya zama tafki.

Labarin ya fara ne daga Jakara. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999, mutanen da ke zaune a gindin Dala ƙarƙashin jagorancin Barbushe suna girmama wani kurmi mai duhu da ke kewaye da baƙin ruwa, wato Jakara. Ba a sare itace a cikinsa, kuma ana ɗaukar motsin ruwan a matsayin alamar wani abu da zai faru ga gari. Baya ga wannan camfi, amfanin wurin a fili yake. Dala tana da tama, wadda maƙera suka daɗe suna narkawa, fadamar Jakara kuma tana riƙe ruwa har cikin rani. Ƙarfe da ruwa da ƙasar noma a wuri ɗaya su ne suka tara jama'a.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, magadansa suka ci gaba. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara. An sake faɗaɗa ganuwar a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Duk wannan gini na ƙasa ne, kuma ƙasar ba daga nesa aka kawo ta ba. A gefen katangar ake haƙa ta, ramin da ya rage ya zama gwalalo mai ƙara wa gari tsaro. Saboda haka tsayin badala da zurfin ramin da ke gindinta aiki ɗaya ne.

Abin da ya faru a ganuwa shi ya riƙa faruwa a cikin unguwanni, amma a hankali, shekara bayan shekara. Gidan Bakano na da ana yin sa ne da tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Ana rufe soro da azara, a yi ɗaurin guga a manyan zaurukan masu hali, a shafe bango da makuba don ruwa ya riƙa zamewa, a fitar da indararo a saman katanga. Irin wannan gini ba a gama shi sau ɗaya a huta. Kowace damina tana cin nata rabon, kowane rani sai an sake yaɓe. Magina da masu jakuna suna komawa rami ɗaya suna ɗibar ƙasa, ramin yana ƙara faɗi, ruwan Agusta yana cika shi. Idan kaka ta yi, ruwan nan ne kuma za a kwaɓa sabuwar ƙasa da shi. Ta haka ne kududdufi ya zama wani ɓangare na unguwa kamar masallaci da rijiya, har wasu unguwanni ake gane su da sunan kududdufinsu.

Yakasai na cikin tsofaffin unguwannin da suka tashi a kan wannan tsari. Tana gabashin birni, tsakanin gidan Sarki da Ƙofar Mata, kuma labaran baka suna danganta asalin mutanenta da Kwararrafa, waɗanda suka sha kai wa Kano yaƙi a ƙarni na 16 da na 17, wasunsu kuma suka zauna suka saje da mutanen gari. Wurin da take ya ba ta muhimmanci: daga nan ana isa fada da ƙafa, ana isa Kurmi, ana fita filin Idi na Ƙofar Mata. Unguwa ce ta malamai da masu sana'a da 'yan kasuwa, daga baya kuma ta fitar da 'yan siyasa, ciki har da Alhaji Tanko Yakasai na jam'iyyar NEPU. Lungunanta ƙanana ne masu karkacewa, kuma wanda ya lura zai ga suna bin gangaren ƙasa, domin tun asali hanyar mutum ita ce hanyar ruwan sama zuwa rami mafi kusa.

Sana'ar da ta fi ɗaukaka sunan Kano a duniya, wato rini, ba ta yiwuwa sai da ruwa mai yawa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, tana dab da Yakasai, kuma ita ce ta rage daga cikin karofi masu yawa da birnin ya taɓa mallaka. Ana haƙa rijiyar rini mai zurfi, a shafe cikinta da laso don kada ta tsotse, a zuba ruwa da baba da toka, a bar su kwanaki su ruɓa har shuni ya tashi. Marini yana tsoma yadi yana ɗagawa, iska tana juya launin daga kore zuwa shuɗi. Bayan nan sai mabuga, inda ake dukan yadin da sanduna har ya yi ƙyalli. Katsin da ya kwanta a ƙasan rijiya ma ba a zubar da shi, ana ƙona shi a sake yin laso. Su ma majema suna bukatar ruwa don jiƙa fata da wanke ta bayan an saka ta a bagaruwa, shi ya sa suka zauna kusa da magudanar Jakara. Fatar akuyar da suke jemewa ita ce ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko.

Matafiyan Turai na ƙarni na 19 duk sun yi maganar wannan ruwa. Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa da mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce mazauna garin za su kai dubu 30 zuwa dubu 40. Ya kuma bayyana wata babbar fadama da ta ratsa gari, cike da agwagin ruwa da sauran tsuntsaye, kasuwa kuma tana ci a kan tudun da ke tsakaninta. Heinrich Barth ya zo a 1851, zamanin Sarki Usman. Shi ma ya ga Jakara, ya koka da rashin lafiyar da ruwan kwance ke jawowa, amma ya jinjina wa masaƙa da marina, har ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su Tambutu da Gat da Tarabulus. Abin lura shi ne ƙorafin nasa da yabon nasa tushensu ɗaya. Ruwan da ya dame shi shi ne ruwan da ake rina tufafin da ya yaba.

Bai kamata a yi wa kududdufi kwalliyar da ba tasa ba. Ya kasance wurin wanki, da shayar da dabbobi, da kamun tarwaɗa, da ban ruwan lambu a gefensa. Yara sun koyi iyo a ciki. Amma kuma a cikinsa sauro ke hayayyafa, daga cikinsa ake ɗaukar tsargiya, kuma iyaye da yawa sun rasa 'ya'ya ta hanyar nutsewa. Kwatamin gidaje a can yake ƙarewa, idan rani ya tsananta ruwan yakan yi kore, kainuwa ta rufe shi. Ruwan sha kuwa daga rijiyoyi ake samunsa, sai dai su kansu rijiyoyin suna amfana da kududdufi, domin ruwan da ya tara yana sauka ƙasa a hankali yana ciyar da idonsu. Babban aikinsa, wanda ba a cika gode masa ba, shi ne karɓar ruwan sama. Kano shimfiɗaɗɗiya ce, ruwanta kuma yana zuba ne da ƙarfi cikin 'yan watanni. Kowane rami da ya cika, wani gida ne bai rushe ba.

Sauyi ya fara ne bayan da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Ganuwa ta daina zama kariya, don haka aikin gayya na gyaranta ya mutu. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya ja hankalin attajirai zuwa wajen gari, yadin kanti da shunin Turai suka fara karya marina. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta kawo ruwan famfo daga kogin Challawa, aka kafa tanki a kan Goron Dutse. Wannan ci gaba ne na gaske ga lafiyar jama'a, amma ya rage darajar kududdufi a idon mutane. Siminti da kwano suka ƙarasa sauran. Sabon Masallacin Juma'a da aka buɗe a 1951 ba da tubali aka gina shi ba, kuma sannu a hankali duk mai hali ya rushe soronsa ya sa bulo. Ramin da ba a ɗibar ƙasa a cikinsa, ba a kuma bukatar ruwansa, sai ya koma juji. Idan juji ya cika ya daddale, sai a yanka shi filaye.

A daidai lokacin da ruwan cikin gari ke ɓacewa, an samar da manyan tafkuna a wajensa. Gwamna Audu Bako ya gina madatsun ruwa da dama, mafi girmansu Tiga, wadda aka kammala a 1974. An gina otal a bakin Tiga da kuma bakin tafkin Bagauda, suka zama wuraren shaƙatawar ƙarshen mako ga mutanen Kano da baƙinsu. Otal ɗin Bagauda daga baya ya koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ita kanta Jakara an datse ta a Wasai, cikin ƙasar Minjibir. A watan Agustan 1988 aka yi ruwa mai tsanani, madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje da yawa suka rushe a jihar, aka yi asarar rayuka. Tun daga lokacin, ambaliya ta zama abin da unguwannin birni ke fargaba duk damina, domin wuraren da ruwa ya saba zama an gina su. A wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, an fara aikin rufe magudanar Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kanta. Aikin ya rage ɗoyi da hatsarin buɗaɗɗen kwatami, sai dai kogin da aka kafa garin dominsa ya koma ƙarƙashin ƙasa.

Wasu tsofaffin birane sun bi wata hanyar dabam. Udaipur ta ƙasar Indiya, wadda aka kafa a 1559, tana zaune ne a bakin tafkin Pichola, kuma shi ma tafkin mutane ne suka yi shi, ba halitta ba ce. An kula da shi har ya zama abin da baƙi ke zuwa gani daga ko'ina. Kududdufan Kano ba su kai wannan girma ba, ba kuma don ado aka yi su ba, amma misalin ya nuna cewa ruwan da hannu ya tara yana iya zama gado idan an ɗauke shi da daraja.

Ta fuskar takarda, kayan tarihin Kano sun sami karɓuwa. Gidan Makama, wanda ake dangantawa da Rumfa, gidan adana kayan tarihi ne na ƙasa. An saka ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita a jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, hawan Sallah na Kano kuma ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar a 2024. Amma a ƙasa, badala tana ci gaba da zaizayewa, ana gina shaguna a gindinta, rijiyoyin rini masu aiki a Ƙofar Mata kuma sun ragu ƙwarai. Kududdufi kam ba ya cikin lissafin kowa. Wanda ya hau Dala da hantsi zai ga rufin kwano ya mamaye ko'ina, sai ɗan ruwa nan da can a tsakanin gidaje. Waɗannan 'yan kaɗan da suka rage sun cancanci a auna su, a yi musu iyaka, a hana zuba shara da yanka filaye a cikinsu, domin su ne shaidar yadda aka gina birnin, kuma har yanzu su ke karɓar ruwan da kwalbatocin zamani suka kasa ɗauka.