Arthur Ashe: Zakaran Tanis Da Ya Ɗauki Alƙalami

Wannan makon zan kawo mana tarihin wani ɗan wasan tanis, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

An haifi Arthur Ashe a 1943 a birnin Richmond na Amurka, zamanin da ake hana baƙar fata shiga filayen wasan Turawa. A filin da aka ware wa baƙaƙe ya koyi tanis. Duk da haka ya ci gasar US Open a 1968, ta Ostareliya a 1970, sannan ya doke Jimmy Connors a Wimbledon a 1975. Har yau shi kaɗai ne baƙar fata namiji da ya taɓa cin waɗannan kofuna uku.

Ya kuma taka ƙasar Afirka. A 1971 ya ga wani yaro yana wasa a Yawunde ta Kamaru, ya sa baki aka kai shi Faransa horo. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. A Fabrairun 1976 Ashe yana tsakiyar wasa a Legas, kwanaki kaɗan bayan kashe Janar Murtala, sojoji suka shigo fili suka kore shi da bakin bindiga.

Ciwon zuciya ya sa ya ajiye wasa a 1980. Daga nan ya nemi cikakken littafi kan tarihin 'yan wasa baƙar fata na Amurka, bai samu wanda ya gamsar da shi ba. Bai tsaya ƙorafi ba. Ya zuba kuɗinsa, ya ɗauki masu taya shi bincike, ya shafe shekaru yana tono tsofaffin jaridu, har ya fitar da A Hard Road to Glory, juzu'i uku, a 1988. A shekarar ce ya gano yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, wadda ya samu ta ƙarin jini lokacin aikin zuciya. Ya rasu a 1993 yana da shekara 49.

To mu fa? 'Yan dambenmu da 'yan kokawarmu nawa ne labarinsu ke bakin tsofaffi da makaɗa kawai? Duk dattijon da ya rasu, da nasa kason yake tafiya. Wanda ke da irin wannan dattijo a unguwarsu, ya ɗauki biro da takarda ya je ya same shi tun yana raye.